Kutse: ma'anar kalmar, danginta da abin da doka ta ce a kanta

Kutse shi ne shigar mutum wurin da ba nasa ba, ba tare da izinin mai wurin ba: gida ne, ko gona, ko fili, ko shago, ko garke. Haka nan wanda ya shiga da izini, daga baya aka ce ya fita ya ƙi, shi ma ya koma mai kutse. A shekarun nan kalmar ta ƙara faɗi har ta kai ga waya da kwamfuta.

Sanin iyakar wannan kalma yana da amfani ga Bahaushen Yawunde, Njamena, Kwatano, Lome, Wagadugu ko Abijan. A gida da kasuwa da Hausa yake magana, amma takardar sammaci da Faransanci take zuwa masa. Abin da ya kira kutse da baki ɗaya, kotu na iya kasa shi gida uku ko huɗu, kowane da sunansa da hukuncinsa. Wanda ya kai ƙara da sunan da bai dace ba yakan dawo hannu rabbana, ko da kuwa shi ne mai gaskiya.

Asalin kalmar

Kutse ta fito ne daga aikatau *kutsa*, wato tura kai cikin wuri mai cunkoso ko matsatsi. Ana cewa "ya kutsa cikin taro", "maharbi ya kutsa cikin sarƙaƙiya", "ɓarayi sun kutso cikin gida". Idan wurin ya gagara sai a ce "ba ya kutsuwa". Ana kuma cewa "kutsa kai", musamman ga wanda ya shiga da gaggawa bai tsaya tambaya ba. Mai aikatawa shi ne *mai kutse* ko *ɗan kutse*, jam'i *masu kutse* ko *'yan kutse*.

A asali kalmar ba ta ɗauke da zargi. Mai kutsawa cikin kasuwa ranar jajibirin salla bai yi wa kowa laifi ba. Amma da yake kutsawa tana nuna akwai abin da ya tare hanya, mutum kuma ya ture shi ya wuce, sai sunan *kutse* ya karkata ga shigar da ba a so. Gidajen rediyo da jaridu sun ƙarfafa wannan ma'ana, inda ake jin "jirgin yaƙi ya yi kutse a sararin samaniyar wata ƙasa" ko "an kama shi da laifin kutse".

Kalmomin da ke kusa da ita

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma ba ɗaya suke ba. Ga su tare da abin da ya fi kusa da kowace a Faransanci:

- Shiga ba izini: bayani ne kai tsaye, shi ya fi dacewa da takardar ƙara. Idan gida ne, *violation de domicile*.
- Haurawa: shiga ta kan katanga ko danga, *escalade*.
- Fasa gida ko shago: shiga ta hanyar karya ƙofa, kwaɗo ko bango, *effraction*. Haurawa da fasawa sukan ƙara wa laifin sata nauyi a gaban alƙali.
- Cin iyaka: matsawa kaɗan-kaɗan cikin gonar maƙwabci ko filinsa, *empiètement*. Idan aka cire turken iyaka ko aka gusar da shi, *déplacement de bornes*.
- Mamaya: zama a wuri a kuma ƙi tashi, *occupation illégale* ko *occupation sans droit ni titre*.
- Ƙwace: raba mai abu da abinsa da ƙarfi. Malaman fiƙihu suna kiransa *gasabu*.
- Ɓarna: abin da dabbobi suka lalata a gona, *dégâts champêtres*.
- Keta haddi: ta fi kutse zafi, domin ta haɗa da taɓa mutunci da iyali.

Akwai kuma *shisshigi* da *katsalandan*, waɗanda shiga ce cikin lamarin wani, ba cikin wurinsa ba. Abin lura shi ne yadda Bahaushe ke aron gona don auna hali. Wanda ya zarce ƙa'ida ya "wuce gona da iri". Wanda ya taɓa abin da ke hurumin wani "ya shiga gonarsa". Wanda ya tsoma baki a abin da ba ruwansa ya yi "shiga sharo ba shanu".

Gida, zaure da sallama

Tun kafin kotun zamani, ginin gidan Bahaushe da kansa yana faɗin inda baƙo zai tsaya. Zaure na kowa ne, nan maigida ke ganawa da baƙi. Daga shigifa zuwa tsakar gida sai mata da yara da muharramai. Shi ya sa a ƙofar gidaje da yawa ake rubuta "Ba shiga" da gawayi ko fenti. Namiji baligi ya yi sallama daga waje, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida. Mace takan shiga da "salamu alaikum" ko "gafaranku dai masu gida", ta kuma dakata sai an amsa. Idan magini ko mai haƙar rijiya zai shiga, sai an sanar da matan gida. Mai gyaran soro ma kafin ya hau bisa yakan aika wa maƙwabta, don ido ma yana kutse.

Wannan al'ada tana tafiya da koyarwar Musulunci. Aya ta 27 zuwa ta 29 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, kuma idan aka ce mutum ya koma, ya koma. Aya ta 58 ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar lisha. Hadisi ya iyakance neman izini ga sau uku, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan leƙen gidan mutane.

A zangon birane irin su Briqueterie ta Yawunde, New Bell ta Duwala ko Nima ta Akara, wannan tsari ya sauya. Gida ɗaya na iya ɗaukar iyalai goma 'yan haya, ƙabila daban-daban, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A nan iyakar ta tashi daga zaure ta koma labulen ƙofar ɗaki. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa, domin abin da wani ya ɗauka zumunci, wani keta haddi yake ganinsa.

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci

Dokokin Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Burkina Faso da Kodebuwa sun gaji laifin *violation de domicile* daga Faransa. Mabuɗin fahimtarsa shi ne kalmar *domicile*. Ba ta nufin abin da mutum ya mallaka, tana nufin inda yake zaune yake kuma da haƙƙin ya ce nan wurina ne. Ɗakin haya *domicile* ne na ɗan haya, ba na mai gida ba. Saboda haka mai gidan da ya buɗe ɗakin ɗan hayarsa ba da yardarsa ba, ko ya cire ƙofa, ko ya watsar da kaya waje saboda bashin haya, yana iya samun kansa a matsayin wanda ake tuhuma. Fitar da ɗan haya aikin kotu ne, ta hannun *huissier*, ma'aikacin da ke isar da takardun shari'a yana aiwatar da hukunci.

Kamaru misali ce mai kyau. Sashe na 299 na kundin hukunta laifuffuka, wanda aka sabunta da dokar 12 ga Yuli 2016, ya tanadi ɗaurin kwana 10 zuwa shekara 1 da tarar sefa 5,000 zuwa 50,000, wato jika 5 zuwa jika 50, ko ɗaya daga cikin biyun, ga wanda ya shiga gidan wani ko ya ƙi fita alhali mai gidan ba ya so. Hukuncin yana ninkuwa idan da dare ne, ko da barazana, ko da duka. Kuma ba a gurfanar da kowa sai wanda aka yi wa laifin ya kai ƙara da kansa.

Gona da fili da ba a zaune a cikinsu ba *domicile* ba ne, don haka suna da nasu sashe. A Kamaru sashe na 239, mai suna *troubles de jouissance*, ya tanadi ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 1 ga wanda ya shiga ƙasar da wani ke riƙe da ita cikin lumana, ta hanyar da za ta iya tada hankalin jama'a, ko da kuwa ƙasar tasa ce. Wannan ƙarshen maganar shi ne darasin: mai gaskiya ma ba shi da damar ɗaukar doka a hannunsa.

A Faransa kanta, inda Hausawa da dama ke zaune, sashe na 226-4 ne ke hukunta wannan laifi. Da shekara 1 ne da tarar yuro 15,000. Dokar 27 ga Yuli 2023 ta ɗaga shi zuwa shekara 3 da yuro 45,000.

A Najeriya da Gana

Ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila sun bi ta wata hanya. A nan kutse iri biyu ne. Na farko ƙarar diyya ce tsakanin mutum da mutum: wanda ke riƙe da fili yana iya ƙarar wanda ya shigar masa ko da bai lalata komai ba, ya nemi diyya da umarnin kotu na hana shi komawa. Na biyu laifi ne da hukuma ke hukuntawa, kuma a nan ana duba niyya.

Kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, ya bayyana a sashe na 342 cewa mai laifin kutse shi ne wanda ya shiga wurin da ke hannun wani da niyyar aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko ɓata wa mai wurin rai. Sashe na 348 ya sa hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tara, ko duka biyu. Daga nan laifin yana hawa matakai: shiga gidan zama, shiga a ɓoye, fasa gida, fasa gida da dare. An tsara wannan kundi ne bisa na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860, shi ya sa Hausawan Sudan za su ga kamanni. Wasu jihohi sun sake nasu kundin, lambobin sassan sun canza.

A Gana dokar laifuffuka ta 1960 ta hukunta shiga gini ba bisa ƙa'ida ba da niyyar aikata laifi. A 2019 kuma aka kafa dokar da ta haramta ɗaukar 'yan banga masu gadin fili, waɗanda suka daɗe suna addabar masu gini a kewayen Akara.

Gona, burtali da ɓarna

A karkara, kutse ba magana ce ta wuri kaɗai ba, magana ce ta lokaci. Gonar da shigarta da garke a watan Satumba laifi ne, a watan Fabrairu hanyar kowa ce. Bayan an kwashe amfani, mata da yara suna kala, dabbobi suna cin kara da karmami, wani manomin ma shi ke roƙon makiyayi ya zauna masa a gona don taki. Iyakar gona kuwa ana gane ta da gamba, ko aguwa, ko bini da zugu, ko wata tsohuwar itaciya da dattawa suka sani.

Fiƙihun Malikiyya, wanda yawancin Hausawa ke bi, ya raba tsakanin dare da rana. Abin da dabbobi suka ɓata da dare, mai su ne zai biya, domin tsare su da dare wajibinsa ne. Da rana kuwa tsaron gona yana kan mai gona. Hukuncin ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid. Malamai sun yi bayanin cewa sassaucin rana bai shafi makiyayin da ya kora dabbobinsa cikin shuka da gangan ko da sakaci ba. Dokokin ƙasashe na yau ba su tsaya a kan wannan rabo ba, ɓarnar rana ma ana biyanta.

Kutsen kuma ta fuska biyu yake zuwa. Makiyayin da ya shiga gona ya yi kutse. Manomin da ya nome burtali, ko ya toshe hanyar mashaya, ko ya ci makiyaya, shi ma ya yi. Burtali shi ne *couloir de passage* a Faransanci, a wasu sassan Najeriya ana cewa labi, a Chadi da Sudan kuma *murhal*.

Nijar ta ɗanɗana ɗacin wannan rikici a watan Oktoba 1991, lokacin da aka kashe fiye da mutum 100 a Toda ta jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yaran makiyaya. Dokar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza harsashin *Code rural*, ta kafa kwamitocin kula da ƙasa da ake kira Cofo, daga ƙauye zuwa gunduma. Su ke shata burtali, su ke ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙarfafa haƙƙin makiyaya na zirga-zirga, ta kuma tabbatar da tsarin sakin gonaki, *libération des champs*: kowace shekara hukumomin jiha ke tsaida ranar da dabbobi za su iya shiga gonakin damina, galibi wajajen Disamba zuwa Janairu. Rikicin gona yana farawa ne daga gaban mai gari ko sarki don sulhu, sai ya gagara a wuce kotu.

A Kamaru, dokar 3 ga Yuli 1978 ta ɗora rikicin manoma da makiyaya a kan wani kwamiti da *sous-préfet* ke shugabanta. Game da ƙetare iyakar ƙasa da garke, ƙungiyar CEDEAO ta fito da takardar shaidar kiwon ƙetare a 1998. Benin ta hana shigowar garkunan waje a ƙarshen 2019, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Makiyayi ya binciki ƙa'idar da ke aiki a wannan shekarar kafin ya tashi.

Fili, takarda da zango

Zanguna da yawa sun kafu ne a kan ƙasar da sarkin gari ya ba baƙi da baki, shekaru aru-aru da suka wuce. Jikoki suna ganin gado ne, hukuma tana tambayar takarda. A Kamaru, tun dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974, *titre foncier* shi ne shaidar mallaka a hukumance, kuma dokar 14 ga Yuli 1980 ta hukunta zama ko aiki a filin wani ba da izininsa ba. A Kodebuwa dokar 23 ga Disamba 1998 ta keɓe mallakar ƙasar karkara ga gwamnati da hukumominta da 'yan ƙasa, baƙo sai dai haya. Ta haka iyalin da suka shekara hamsin a wuri suna iya wayar gari ana kiransu 'yan mamaya.

Tashin unguwa da gwamnati ke yi, *déguerpissement*, wani abu ne daban da kutse a idon doka, ko da yake waɗanda aka tasa sukan ji shi a matsayin haka. An tashi tsohon Zongon Lome a 1977 aka mayar da mutanensa bayan gari ta arewa. An rushe Zangouettin ta Wagadugu a 2003 saboda aikin ZACA. A irin wannan hali, abin da ake jayayya a kai shi ne sanarwa da diyya da wurin komawa, kuma mai takarda ya fi marar ita bakin magana.

Idan mai shigowa jami'i ne

Kaki ba izini ba ne. Sashe na 12 na sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya kare gidan mutum daga shiga ba bisa ƙa'ida ba, haka sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999. Ɗan sanda ko jandarma yana shiga ne da takardar bincike daga alƙali, ko da yardar mai gida, ko idan ana cikin aikata laifi, ko wani na neman ceto. Akwai kuma sa'o'in da doka ta ƙayyade. A Faransa ba a fara binciken gida kafin ƙarfe 6 na safe ko bayan 9 na dare. A Kamaru an hana daga 6 na yamma zuwa 6 na safe, sai a wasu halaye da doka ta ware. Mai gida yana da damar ya nemi ganin takarda cikin ladabi, ya kuma nemi a yi binciken a gabansa da shaidu.

Kutse a waya da intanet

Wannan ita ce sabuwar ma'anar da ta fi yaɗuwa. "An yi mini kutse a Facebook" yana nufin wani ya shiga shafin mutum ba da izininsa ba. Faransanci na cewa *piratage*, a doka kuma *accès frauduleux*. Kamaru ta kafa dokarsa a 2010, Najeriya a 2015, Nijar a 2019. Hoton kalmar bai canza ba: akwai ƙofa, akwai kwaɗo, akwai wanda ya ture su. Sau da yawa ma mai shafin ne ke miƙa mabuɗin da hannunsa, idan aka kira shi aka nemi lambar sirrin da ta shigo wayarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda ya dace a yi amfani da kalmar

A hira, kutse ta wadatar. A gaban mai unguwa, jandarma ko alƙali kuwa, ba ta isa ba. Mai ƙara da tafinta su fayyace abu biyar: wane wuri aka shiga, gidan zama ko fili ko gona; ta yaya aka shiga, ta ƙofa ko ta katanga ko da fasawa; da dare ko da rana; an ce wa mutumin ya fita ya ƙi ko kuwa; me ya lalace ko ya ɓata. Amsoshin nan su ke nuna sunan laifin a Faransanci da kuma ofishin da za a dosa.

'Yan jarida su ma su kiyaye. Kiran mutum ɗan kutse kafin kotu ta yanke hukunci yanke masa hukunci ne, musamman a rikicin fili inda kowane ɓangare ke riƙe da tasa hujja. "Ana zarginsa da kutse" ita ce maganar da ta dace.

Wanda aka yi wa kutse ya kira shaidu tun wurin bai sauya ba, ya ɗauki hoto, ya sa a auna ɓarna kafin a taɓa ta, sa'an nan ya sanar da mai unguwa ko sarkin zango. Kada ya rama da duka, kada ya sari dabba, kada ya rushe abin da aka gina, domin a nan mai ƙara ke komawa wanda ake ƙara. Wanda kuma ke zaune a fili ko gona da alkawarin baka, ya nemi a rubuta tun dattawan da suka shaida suna raye.